Tantabarun da Suka San Hanyar Gida

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wayona ya ƙare a gaban bagade, teburin ibada na coci, kuma tun yanzu in faɗa maku, ba wanda ya tura ni. Ni na shirya abina da hannuna.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba. Ina zaune a Damba, ina kiwon tantabaru a bayan gida. Kowace shekara, kwana arba'in bayan Kirsimeti, ana Idin Miƙa Yesu a Haikali, wanda mu marasa boko muke kira ranar kyandir. Ran nan ne sistoci ke durƙusawa su sabunta alkawarin da suka yi wa Allah: ba aure, ba dukiya, duk inda aka tura su nan za su. Jama'a kan zo Gusau daga Tsafe da Bungudu don su gani.

Wata shekara na ji katikis, malamin cocinmu, ya karanta cewa Maryamu da Yusufu 'yan tantabaru biyu suka kai haikali. Sai dabara ta faɗo mini. Lokacin baiko, wato miƙa wa Allah kyauta, wasu na kai dawa, wasu ƙwai, ni kuwa na taho da tantabaru biyu a kwando, ina tafiya a hankali don kowa ya gani. Fada, limamin cocin, ya ce, "Kun ga dattijon da ke sauraron karatu." Abin da Fada bai sani ba (ɗan gari ne, bai taɓa kiwo ba), tantabara ba ta manta gidansu. Kwana huɗu suka yi a gidan sistoci, na biyar na tarar da su a kan dangata suna jiran hatsi.

Shekarar da ta biyo, ana shirin ba ni shugabancin zumuntar maza ta coci. Na ce to, a ƙara kai tantabarun nan. Matata ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, ka kama wasu mana." Na ce waɗannan sun riga sun san aikin.

Aka kunna kyandirori, aka yi zagaye. Sistoci biyar suka durƙusa. Babbarsu Sista Rifkatu ce, mutuniyar wajen Kucheri, wadda ta tsufa tana wanke gyambon mutane a Tsafe. Fada ya yi wa'azi a kan mai ba Allah abu ba ya waiwaye. Na fi kowa gyaɗa kai.

Sista Rifkatu aka sa karɓar baiko. Na miƙa kwando, ta buɗe, ta ɗaga ɗaya ta juya ƙafarta. Ashe bara ta ɗaura masu guntun robar ƙarin ruwa don kada su ɓace cikin na maƙwabta. Na sha ganin robar nan (na ɗauka ado ne), ban taɓa cirewa ba.

"Lale, lale, 'yan bara!" in ji ta, da muryar da ta saba kiran marasa lafiya daga bakin ƙofa. "Ashe kuna nan lahiya? Mako biyu muka yi muna nemanku."

Mawaƙa suka tsaya. Wani tsoho daga Bungudu ya yi dariya har kyandir ɗinsa ya mutu. Ni kuwa nawa yana ɗiga a yatsana, ban ko ji zafi ba. Fada ya juya baya yana gyara littafin da ba abin da ya same shi.

Shugabancin dai wani aka ba. Abin da na koya shi ne, in za ka ba Allah aron kaya da sunan kyauta, kada ka miƙa ta hannun matar da ta ba da ranta gaba ɗaya.

Da aka tashi na bi ta ƙofar gefe, sai ga ta riƙe da kwandon.

"Baba," ta ce, "in yanka su yanzu kana gani, ko in bari su riga ka isa Damba?"