Baturiya Ta Rasu a Hannun Amini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a ƙarƙashinsa wanda ya fi baƙin cikin ɗaci, Malam Mainasara direba na Ɗansoshiya yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da dukkan 'yan tashar Kwanar Dangora rasuwar motarsa, farar a-kori-kurar nan da aka fi sani da Baturiya. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin ranin bana na 1998, a kan hanyar Burumburum, tana ɗauke da tumatirin mutane har saman ƙarfe.

An haifi marigayiya a ƙasar Turai, a shekarar da dillali bai yarda ya faɗa ba. Ta shigo ta Kwatano shekara biyu da suka wuce, bayan Malam Mainasara ya sayar da gonar fadamar da ya gada da shanun huɗarsa guda biyu. Duk wanda ya zauna da ita zai yi mata kyakkyawar shaida. A tashar da kowane direba yake neman gangara ya ajiye motarsa saboda turin safe, Baturiya a shimfiɗaɗɗen wuri take kwana. Ana murɗa makulli sai ta ce "cii" a hankali, sannan "rummm", shi ke nan. Ba a taɓa tara mata majiya ƙarfi ba. Ta hau tuddan Doguwa da buhunan masara ba ta yi haki ba. Matan rugar Arɗo Dikko sun sha hawanta da ƙoren nono, ko ɗigo bai taɓa zuba ba. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai gawa makwanci, kuma in ta shigo gari da yamma ta ce "fam-fam", har awaki sun san mai gida ya dawo.

Aibinta ɗaya ne, tana da ƙwaƙwalwa. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne a gefen inji, wayoyi suna shiga cikinsa ta wani baƙin soket na roba mai haƙora da yawa, girmansa bai wuce kwalin ashana biyu ba. Wanda ya sayar da ita ya ce kada ruwa ya taɓa wurin. Malam Mainasara ya gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi wa mai talla. Ranar jajibirin ƙaramar Sallah ya kai ta bakin rafi ya buɗe gabanta ya yi mata wanka da bokiti ciki da waje, kamar yadda ake yi wa kowace mota mai daraja tun zamanin fijo. Wannan laifinsa ne, ya ɗauka, ba ya neman kowa ya taya shi.

Jinyar ta fara da tari. Daga nan sai shaƙewa a kan tudu, sai wata 'yar fitila ja da ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. 'Yan tasha suka ba da shawara a kai ta Kano wurin masu gyaran waya. Malam Mainasara ya ce, "In wuce ta ƙofar garejin Ladan in kai ta wurin bare? Da wane ido zan kalle shi?"

Ga wanda bai sani ba, Ladan bakanike amininsa ne. Rana ɗaya aka yi musu kaciya, rumfa ɗaya suka yi jinya, akushi ɗaya suka ci. Shi ne babban abokin ango a bikinsa. Shekara arba'in ke nan in an ga ɗaya ana tambayar ɗaya. Kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, a injin fijo babu kamar Ladan daga Bebeji har Tudun Wada, da kunne kawai yake gane ciwo. Sai dai tun da ya kama sifana ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba".

Ya leƙa cikin Baturiya, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya goge hannu ya ce, "Je ka ka huta, mutumina. Kafin la'asar ta miƙe."

Abin da ya biyo baya, mai facin da ke maƙwabtaka da garejin ne ya gani da idonsa, ya kuma riƙe bakinsa sai da aka yi rashi. Allah Ya saka masa daidai da shirunsa. Ladan ya tarar soket ɗin ya yi kore saboda ruwa, ya manne. Ya ja, bai fita ba. Ya zuba masa kananzir, ya jira, ya sake ja. Ya cusa sukudireba ta gefe ya banƙara. Ya ɗan ƙwanƙwasa da guduma, don a garejin nan an yi imani babu abin da guduma ba ta lallashi. Da duk wannan ya ƙi, sai ya yi masa abin da ake yi wa notin da ya yi tsatsa ya kafe: ya kunna wuta ya kara masa. Noti ƙarfe ne, in ya ji wuta saki yake yi. Soket roba ne. Ya narke ta gefe ɗaya, ya fito gida biyu, da haƙora uku na ƙwaƙwalwar a bakinsa.

Mutum yana kuskure, ba a nan ciwon yake ba. Ladan ya waiga hagu ya waiga dama, ya mayar da gutsattsarin, ya shafa gam, ya naɗe da robar tayar keke tam, ya rufe. Da amininsa ya dawo sai ya ce, "Gurɓataccen mai ne na 'yan bumburutu. Na wanke mata ciki tas."

Malam Mainasara ya yi godiya har da riƙe hannu. Ya sayo masa balangu. Daga nan ya zarce wurin Habu mai sayar da fetur a galan, ya tsaya a tsakiyar tasha ya kira shi mazambaci a gaban jama'a. Habu yana rantsuwa, shi yana ƙara murya.

Kwana tara ta yi a haka. Ranar ta goma, ana cikin tafiya lafiya lau, ta ce "fut, fut", ta yi shiru. Malam Mainasara ya murɗa makulli, ta ce "kyar-kyar-kyar". Ya sake murɗawa, ba ta ƙara cewa komai ba. Rana ta take, tumatir ya fara zubar da ruwa ta ƙasan bodi, manoman da suka ba shi amanar kayansu suna zaune a bakin titi sun zuba tagumi. Ba wanda ya zage shi. Ya ce da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Babbar mota ce ta ja ta zuwa Kano. Mai gyaran waya ya yanke robar keken, ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Malam, wa ya gasa ta?" Sannan ya ja shi gaban wata mota irinta, ya nuna masa wani ɗan harshe a gefen soket ɗin. Ya danna da babban yatsa. Soket ɗin ya ce "ƙas", ya zame ya fito kamar an zare zobe. Iyakar aikin ke nan. Mai gyaran ya ce wayoyin da aka cusa a karkace sun haɗu sun ƙone ƙwaƙwalwar, irinta kuwa sai Ikko, in ma an dace. Malam Mainasara ba shi da sauran gonar sayarwa.

Da aka jawo ta aka dawo da ita tasha, garejin Ladan ya fara zuwa. Ya buɗe tafin hannunsa, ga narkakken soket. Ladan ya fito daga ƙarƙashin wata fijo, ya kalli abin, ya kalli ƙasa, ya ce, "Ni haka na same ta."

Marigayiya ta bar mai gida ɗaya wanda yanzu yake neman motar wani ya ja. Ta bar uwargida Maijidda, wadda tun farko ta ce kada a sayar da gona, wadda kuma har yau ba ta tuna masa ba, tuwo kawai take ajiyewa ta koma ɗaki. Ta bar yara biyar, da taya huɗu masu sauran rai da safaya, da batir da ya koma yi wa rediyo hidima. Ta bar matan ruga sun koma tafiyar ƙasa. Ta kuma bar Habu mai fetur da zagin da bai ci ba. Malam Mainasara yana roƙonsa gafara a nan, a gaban jama'a, kamar yadda ya ci masa mutunci a gaban jama'a.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Arɗo Dikko ya ba da aron bijimai biyu da za su ja ta zuwa gindin ɗorawar da ke bayan gida, inda za a ɗora ta a kan duwatsu. Kajin Maijidda sun riga sun fara zagayen wurin. Liman ya ce wannan jaje ne, ba ta'aziyya ba, saboda haka "Allah Ya mayar da alheri" ta wadatar. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da shawara, lokacinta ya wuce.

Za a yi zaman kwana uku a ƙofar gida. Akwai tabarma ga kowa, ban da 'yar ƙaramar da ke hannun daman mai gida, don Allah kada a zauna a kanta. Mai ita ya san kansa, shekara arba'in yana zama a nan. Ba a ce ya zo da soket ba, ba a ce ya zo da ƙwaƙwalwa ba, motar ta riga ta tafi. Ya zo ya zauna ya ce, "Ni ne, ban sani ba ne." In rana ta uku ta faɗi bai zo ba, Malam Mainasara zai naɗe tabarmar da hannunsa, ya saka ta a bayan Baturiya, su kwanta tare.