Kwaɗon da Radiyo Ta Tona

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka buɗe sabon ɗakin radiyo, na ɗaukar hoton ƙashi, a labo, wato sashen gwaje-gwaje na asibitinmu, can wajen Tasawa. Ni ne magini da na shafe bangon, na kuma yi ta ɗaukar falankin dalma da ake liƙa wa ɗakin don kada hasken na'urar ya fita. Dalmar nan kuwa ta bar ni da ciwon baya.

Lokacin ina neman auren Rakiya, 'yar Malam Idi na Maijirgi, mutumin da ko sunan laya ba ya son ji. Ya ƙi cewa e, ya ƙi cewa a'a. Sai gwaggota ta ɗinka mini guru, ta sa ɗan ƙaramin kwaɗo a kulle a ciki, wai don a kulle bakin tsohon kada "a'a" ta fito. (Na san ba kyau. Na ɗaura.)

Ranar buki lokotoro, wato likita, ya ce tunda bayana na ciwo, ni za a fara ɗauka hoto. Malam Idi na cikin dattawan kwamitin lafiya da aka gayyato. Don neman suna, ni da bakina na ce su tsaya bayan gilashi su ga aikin hannuna.

"Akwai ƙarfe jikinka?" in ji lokotoro.

"Ko allura babu," na ce, har da buga ƙirji. Wallahi gurun ya zame mini jiki, na manta da shi ƙarƙashin wando.

Hoto ya fito a allo. Ga ƙashin bayana reras, ga kwaɗo fari fat zaune bisa ƙuguna, har hancinsa ana gani. Dattawan nan kuwa babu wanda bai san aikin kwaɗo ba.

Malam Idi ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, bakin wa aka kulle?"

Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "Naka ne, Baba."

"To, ya yi aiki. Yau na zo da niyyar in ce ma na ba ka, ga shi bakin ya ƙi buɗuwa."

Sai da damina ta wuce kafin ya amince. Yanzu 'ya'yanmu biyu da Rakiya, amma har gobe in na durƙusa gaishe shi, sai ya tambayi lafiyar kwaɗo. Abin da na koya: in za ka ɓoye abu, kada ka gina ɗakin da ake ganin cikin mutum, balle ka gayyato surukinka kallo.