Dokar da Ta Soke Rina

A bayan injin niƙan da ke bakin daji akwai wani farin bango, a jikinsa akwai fitila, a ƙarƙashin fitilar kuma akwai masarauta. Kwaɗi ne a ƙasa, tsaka a jikin bango, Sarki Burduddugi a cikin fasasshen tulu inda majalisa ke zama. Arzikin ƙasar ɗaya ne tak: faɗa-wuta, ƙwarin nan masu laushin fiffike da ke baro duhun daji su zo su yi ta gware da fitila. Abin da talaka ya kama, ya lasa kaɗan ya miƙa saura fada, kowa ya kwana lafiya, musamman fada.

Ana nan sai rina suka yi gida a ƙarƙashin rufin injin. Su ma haske yana ruɗa su, su faɗo tsakiyar farauta a fusace, harshen da ya saba cafka kuwa ba ya tsayawa tambayar suna. Aka fara wayar gari da bakuna kamar gwanda. Talakawa suka soma ƙus-ƙus ɗin ƙaura zuwa fitilar mahauta.

Waziri Tsugunau, wani kwaɗo mai zaƙin baki wanda ya manta rabon da ya fita farauta, shi ya ceci ƙasa. Ya miƙe a majalisa ya ce, "Ranka ya daɗe, kakanninmu sun shaida rina ta rana ce. Fitila kuwa ta dare ce. Na rana ba ya zuwa wurin na dare. Saboda haka duk mai fiffiken da ya shigo hasken nan faɗa-wuta ne. Wanda bakinsa ya kumbura, ƙoshi ne ya yi masa yawa, sai ya gode wa Sarki."

Aka yi na'am, magana ta zama doka. Waziri ya so dokar nan kamar ɗan fari. Da wata tsaka ta zo tana kuka mijinta ya mutu da kumburarren wuya, shi da kansa ya yi mata ta'aziyya, ya ce ta share hawaye, mutuwar ƙoshi ko sarakuna nemanta suke yi ba su samu ba.

Ran nan da magariba, fitila ta kama ke nan, majalisa na zaune, sai ga rina guda ta sauka a bakin tulu. Ta gaida Sarki da ladabi.

Ta ce, "Jakadiya ce ni, ba yaƙi ya kawo ni ba. Mu ma asara muke yi. Haskenku yana ɗauke mana hankali, kuna haɗiye mana 'ya'ya, mu kuma muna harbinku ba da son ranmu ba. Ku koma farauta gefen gabas, mu mu tsare kanmu a yamma. 'Yan'uwana suna kan rufi suna jiran amsa."

Waziri ya ji a ransa bai taɓa jin magana mai hankali irin wannan a cikin tulun nan ba, abin ya ba shi haushi.

Sarki ya juyo a hankali ya ce, "Waziri, mene ne wannan da ke magana?"

Tsoro ya kama Tsugunau har tafin ƙafa. In ya ce rina ce, doka ta faɗi, rawani ya bi ta, matan da aka bari da marayu kuma su zo su tambaye shi wane ƙoshi. Ya dubi ƙarin da ke wutsiyar baƙuwar, ya dubi Sarki, ya auna wanda ya fi tsini.

"Faɗa-wuta ne, ranka ya daɗe."

"Mai ƙiba kuwa," in ji Sarki. "To, al'ada ba ta canza ba. Faɗa-wutan da ya kawo kansa majalisa rabon babban bafade ne. Bismillah, Waziri."

"Allah ya ja zamaninka, na riga na yi kalaci. A ba wa Galadima."

Galadima ya ce shi ba ya cin haƙƙin manya.

Jakadiya ta ce, "Malam, kai ma ka san ko ni wace ce. Faɗi kawai, kowa ya huta."

Ya sani, kowa ma ya sani, amma sani ba ya cikin doka. Tsugunau ya rufe ido, ya wurga harshe.

Kafin a gama yi masa kirari wuyansa ya fi cikinsa girma. Ya so ya yi magana, a karon farko ta gaskiya, hanya ta riga ta toshe. Ya kife a gaban karaga, ƙafafunsa suka yi ɗan rawa suka daina. Sarki ya umarci a sanar da talakawa cewa Waziri ya riga su samun babban rabo.

Sai aka ji rufin injin ya ɗauki ruri. Masu jiran amsa sun gaji da jira, suka sauko gaba ɗaya har hasken fitila ya dushe.

Sarki ya leƙo, ya ja da baya zuwa can ƙuryar tulu, ya ɗaga murya.

"Bana an yi albarka. Yau fada ta yafe kasonta. Kowa ya fito ya buɗe baki."