Bututun Mai Girma Ya Yi Kyau A Hoto

Son a gani, shi ne ciwon da zan yi magana a kai yau. Ni ban yi boko mai zurfi ba, shekara arba'in da uku na yi ina gyaran lagireton mota, amma na san ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ranar Litinin na kai hantsi a layin gas, na dawo da tukunya yadda na tafi da ita. Mu gode wa manya, sun koya mana tsayuwa, ga motsa jiki kyauta. Sai dai uwar 'ya'yana gwiwoyinta ba su san wannan alheri ba. In ba a gasa su da ruwan zafi da safe ba, ko tsakar gida ba ta iya ƙetarewa.

Sai na ɗauko bututun jan ƙarfe da na daɗe da ajiyewa, na cika shi da yashi don kada ya lotse, na naɗe shi zagaye tara, na zazzage yashin, na kafa shi a bayan murhun itace. Ruwan sanyi ya shiga ta ƙasa daga duro, ya fito ta sama da zafinsa. Ana girki, ruwa na ɗumi.

Maƙwabcina tela ya leƙo ta katanga. "Malam, me ya sa sai jan ƙarfe? Ga baƙin ƙarfe birjik a bola."

Na ce, "Baƙin ƙarfe malalacin ɗan aike ne. Ka ba shi zafi ya kai wa ruwa, sai ya tsaya a hanya yana tsatsa. Alminiyam yana da sauri, amma ba ya jure wuta, ba ya karɓar liƙi. Jan ƙarfe ne kaɗai ke kai saƙo ya dawo lafiya."

"To ai shi ya kamata a naɗa shugaban kwamiti," in ji tela.

Bakin tela ya fi kekensa gudu. Kafin Laraba sai ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Share Wa Talaka Hawaye a ƙofar gidana, da mota uku da mai ɗaukar hoto. Ya duba, ya jinjina kai.

"Baba, wannan fasahar ai kwamitinmu ya daɗe yana tunaninta. Za ka yi mana babba, mu ƙaddamar a filin unguwa. Amma ban da wannan ƙarfen, ya yi duhu, ba zai fito a hoto ba."

Surukinsa, wanda shi ke kawo wa kwamitin kaya, ya buɗe bayan mota. Ga wasu dogayen ƙarafa farare tas, sai walƙiya. Na ƙwanƙwasa ɗaya da farce, na leƙa cikinsa.

"Ranka ya daɗe, wannan ai sandar labule ce."

"Alminiyam ne na waje," in ji surukin.

"Ko na sama ne, ɗana, bai fi ɓawon albasa kauri ba. Labule aka yi shi ya ɗauka."

Mai Girma ya daina murmushi. "Baba, naka ɗin nan yana da lasisi? In ba ka sa mana hannu ba, ranar ƙaddamarwa da yamma za a zo a kwance shi, don lafiyar al'umma."

Na dubi ɗakin da tsohuwata, uwar 'ya'yana, take zaune tana murza gwiwa. Sai muryarta ta fito ta taga: "Malam, kada ka taɓa musu. Gara in yi rarrafe da a ce kai ka ƙera shirme."

Suka tafi, suka sa wani ya lanƙwasa musu. Na bi su da magana ɗaya, don kada Allah ya tambaye ni: ko me za ku yi, ku cika bututu da ruwa kafin ku kunna wuta.

Ashe nan ma na taɓa tsarin biki. Ruwa ba zai shiga ba sai Mai Girma ya murɗa famfo da hannunsa mai albarka, famfo kuwa sai bayan jawabi. Wuta kuma dole a hura ta tun da wuri, don hayaƙi ya yi kyau a hoto.

Ranar Asabar muka hallara. Wuta na ci, jawabi na ci. Ya gode wa na sama da shi ɗaya bayan ɗaya, bututu ya fara sunkuyawa kamar shi ma yana gaisuwa. Tela ya zungure ni. "Malam, ka ce wani abu mana." Na ɗaga hannu, mai tsaron kujeru ya ce a bari sai lokacin tambayoyi. Na dai ja mutane baya.

Aka yi tafi, Mai Girma ya murɗa famfo. Ruwan sanyi ya faɗa cikin bututu mai zafi. Fuuu! Tururi ya tashi da toka, ya lulluɓe layin gaba kaf. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Da yamma na zauna a ƙofar gida ina jiran masu kwance mini murhu. Har yau ban gansu ba, an ce suna cikin kwamitin binciken abin da ya sa wuta ta yi zafi. Tsohuwata kuwa da ƙafarta ta je barka jiya.

Alhamdu lillahi babu wanda ya ji ciwo. Ga dai abin da Mai Girma ya bari a fili, ni da tela muka ƙirga: sandar labule goma sha biyu, farar riga sabuwa ɗaya, jawabi shafi bakwai, takalmi ƙafar hagu, gira ɗaya da rabi. Hoton kuwa, masha Allah, ya fito raɗau.