Rasuwar Gwaggo da Hoton Baba a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da suka yi ja saboda kallon baƙin allo, ni mai hoto na layin teloli, a madadin kaina da iyalina da duk wanda ya taɓa zama a bencin shagona yana jiran fasfo, nake sanar da rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburinta, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba amma ta jigata mu gaba ɗaya. Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, kada a kai ƙarata wurin malamai. Amma duk wanda ya taho da niyyar ce mini "ai ƙarfe ne kawai", don Allah ya riƙe gaisuwarsa, na yafe.

A gwanjo na same ta tun kafin in yi aure, kuma ko a lokacin ba yarinya ba ce. Matata ce ta laƙaba mata wannan suna, saboda yadda take tashi da safe. In ka kunna ta sai ta yi "guuuu", ta yi shiru, ta yi "ƙur-ƙur-ƙur" kamar mai gyaran murya, sannan ta ce "tit", wato ta amsa gaisuwa. Kafin nan ka share shago, ka goge gilashi, ka gaisa da maƙwabta, ka dawo ka tarar tana nan tana shiri. Ba a gaggauta Gwaggo. Wanda ya matsa mata da danne-danne, sai ta daskare ta bar shi da kunya a gaban kwastoma.

Marigayiya ta yi wa jama'a hidima, Allah shaida ne. Da tsohuwar manhajar gyaran hoto da ke cikinta, ta share ƙuraje daga fuskokin da ba su ƙirguwa. Ta ɗaura wa masu neman aiki kwat da nakatayi alhali da singileti suka shigo. Ta buɗe idon waɗanda suka ƙifta, ta rage tumbin waɗanda suka roƙa a asirce. Ta cire mutane daga hotuna bayan zumunci ya lalace, kuma sau ɗaya tak ta manta hannun wani a kafaɗar wata, shi ma laifina ne ba nata ba. Duk wannan ba ta taɓa tona asirin kowa ba.

Ba zan ɓoye halinta ba, don a nan ajalinta ya ɓuya. Da tsufa ya kama ta, Gwaggo ta zama mai karɓa ba ta bayarwa. Bakunan da ake soka mata filashi sun mutu ɗaya bayan ɗaya. In ka ce ta aika saƙo mai nauyi, sai ta kai rabi ta tsaya tana nishi har a tashi kasuwa. Ga wata ɗabi'a da aka saita mata tun zamanin da akwatin imel ba ya ɗaukar kaya da yawa: duk saƙon da ya shigo, sai ta janyo shi cikin cikinta gaba ɗaya, ba ta barin ko kwafi a waje. Ban taɓa damuwa ba. Aiki yana shigowa ta imel, yana fita ta firinta, ni kuma ina ganin duniya ta zauna daidai.

To ga yadda ciwon ya faro. Sai na ɗan koma baya, ku yi haƙuri da mai makoki.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi rayuwarsa har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda an ɗauke shi hoto ba. In ka ɗaga kyamara sai ya juya maka ƙeya, ya ce mai son ganinsa ya zo gida. Ku duba fa, ni da nake cin abinci da fuskokin mutane, ba ni da fuskar ubana ko a bango. Mun haƙura da haka shekara da shekaru. Sai ga shi ganin Inna, mahaifiyata, ya fara tafiya. Likita ya ce irin ciwon da ke cin gani daga gefe ne, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ido ɗaya ya riga ya rufe, ɗayan kuwa ta ce kamar tana leƙe ta hujin ƙofa. Wata rana muna zaune ta ce mini, "Auta, ka san fuskar babanku ta fara ɓace mini? Hancin ina riƙe da shi, amma idanun sun ƙi zuwa." Na tashi na fita.

Ana haka sai 'yar abokin Baba ta kira ni daga can garin da take aure. Mahaifinta da nawa sun yi aiki tare a masaƙa, shi ma ya rasu, tana kwashe kayan ɗakinsa ta tarar da hoton ma'aikata a firam. Ta ce, "Yaya, wallahi ga Baba nan a layin baya, can ƙarshe. Kuma dariya yake yi." Ta ɗauka da sabuwar wayarta ta turo mini ta imel. Bayan nan, don kirki, ta ce bari ta zare ainihin hoton ta aiko mana. Da ta tambaye ni da na ce kada ta taɓa, don tsohon hoto yana manne wa gilashi. Tana ja, fuskokin layin baya suka saluɓe, suka bar ta da farar takarda a hannu. Ta kira tana kuka, na ce ta share hawaye, ai wanda ta turo ya iso lafiya yana cikin Gwaggo.

Da na gaya wa Inna, ba hoton ne ya fara ba ta mamaki ba. "Dariya?" ta ce. "Babanku? A gaban mutane? Kai, sai na gani da idona." Na yi mata alkawarin zan fitar da shi shi kaɗai, in ƙara masa girma ya cika allo, yadda ko ta hujin ƙofar nan za ta gan shi.

Na danna fayil ɗin sau biyu. Gwaggo ta yi "ƙur-ƙur", ta yi tunani, sannan ta ce "ɗin!" Ta fito da ɗan akwati mai cewa ba ta san irin wannan fayil ba. A iya zamanmu ban taɓa jin ta ce ba ta san hoto ba. Na ajiye shi a fuskar allo na buɗe daga cikin manhajar. "Ɗin!" Na ja shi da maus na jefa mata a baki. "Ɗin!" Na kashe ta na kunna, na jira ta gama gyaran muryarta. "Ɗin!" Na canza haruffan da ke wutsiyar sunan zuwa waɗanda ta saba da su, ko za ta ɗauka ɗan gida ne. Sai ta ce wai fayil ɗin ya lalace. Na yi maza na mayar masa da sunansa ina ba shi haƙuri. Na gwada tura shi zuwa wayar matata, ya kai rabi ya tsaya inda kowa yake tsayawa.

Masu dubiya ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Tela maƙwabcina ya ce in buga mata tafi a gefe, wai haka yake yi wa rediyonsa. Matata ta ce ko dai Baba ne har yanzu yake juya ƙeya, ta yi dariya, sai kuma ta ga fuskata ta haɗiye dariyar. Na nemi 'yar abokin Baba ta wayar mijinta don ta sake turowa. Ashe an zare mata wayar a tasha. Imel ɗin kuwa mai shagon waya ne ya buɗe mata ranar da ta saya, shi kaɗai ya san kalmar sirrin, kuma da ta koma wurinsa ya rantse ya buɗe wa mutum ɗari irinsa, ina zai tuna. Nan na gane cewa a duk faɗin duniya fuskar mahaifina wuri ɗaya ta rage, cikin tsohuwar da ba ta bayarwa.

Mai gyara ya zo ya duba ta. Ya ce hoton lafiyarsa ƙalau, sababbin wayoyi ne suke naɗe hoto da wani irin ƙulli da manhajar Gwaggo ba ta taɓa gani ba. Ya sa kunne a jikinta ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Maigida, faifan ajiyar nan ya gaji. Kada ka ɗora mata komai. Bari in dawo daga tafiya in zare shi, mu karanta a tawa." Na ce to. Wallahi da niyyar jira na ce to.

Ranar Litinin muka koma asibiti, likita ya sake auna idon Inna. Hujin ya ƙara tsukewa. Washegari da safe ina buɗe shago sai ga Inna an rako ta, ta sa zanenta na fita unguwa, har da turare. Ta lalubi benci ta zauna daidai gaban allo, ta ce, "Na zo ganin babanku. Yi aikinka, ba na sauri." Ita ba ta sauri, amma idon yana sauri, kuma mu biyun mun sani. Mai gyara bai dawo ba, wayarsa ba ta shiga. Na kalli Inna, na kalli Gwaggo. Na nemo sabuwar manhajar da aka ce tana kwance irin wannan ƙulli, na ce Gwaggo, ki taimake ni wannan karon kaɗai.

Ta karɓa, don ba ta taɓa ƙin karɓa ba. Layin nan mai nuna ci gaban aiki ya fara tafiya a hankali. Fankarta ta ɗauki kuka, "wiiiii", irin wanda ban taɓa ji ba. Layin ya wuce rabi, ya kusa ƙarshe, har na gyara wa Inna zama. Sai na ji "ƙas". Sai "ƙas, ƙas, ƙas". Allon ya yi shuɗi, ya yi baƙi. Na danna, na sake dannawa, na cire wayar wuta na mayar, har tafin tela na buga mata, ni da na yi masa dariya. Ba "guuu", ba "tit". Inna tana kallon baƙin gilashin ta ce, "Ya fito ne? Ka san ni sai an nuna mini wajen." Na ce bai fito ba tukuna, Inna. Muryata ce ta gaya mata sauran.

Da mai gyara ya dawo ya zare faifan ya haɗa a tasa, "ƙas, ƙas" ɗin nan dai ya sake yi. Ya ce akwai masu buɗe irinsa a wani gari mai nisa, su ma ba sa yin alkawari, kuma layinsu ba na kwana kusa ba ne. Bai ce "ai na gaya maka" ba. Da ma ya faɗa, da na sami wanda zan yi wa faɗa in huce.

Marigayiya ta rasu ta bar firinta, abokiyar zamanta, wadda tun ranar take ƙyafta jar fitila ba ta san wa za ta saurara ba. Ta bar kibod da haruffansa suka goge, sai ni kaɗai na san inda kowanne yake. Ta bar maus mai ɗaure da salatif, da dutsen da ke tokare ƙafar teburinta, da kwastomomi masu zuwa karɓar aikin da ya tafi tare da ita. Ta bar ni, ina buɗe shago da safe in share in goge, in juyo don in ji ko ta gama shiri.

Game da jana'iza, ga abin da iyali suka tsayar. Gangar jikin za a miƙa wa mai gyara ranar Asabar bayan la'asar, ya cire abin da zai amfani wasu, sauran ya ba masu sayen ƙarfe. Ana roƙonsu kada su jefa ta a baro a gabana. Za a karɓi gaisuwa a shago, a kan benci, kuma ba a buƙatar shawara kan abin da ya kamata a ce na yi.

Faifan kuwa ba za a binne shi ba, ba kuma za a kai shi ko'ina ba. Inna ta tambaya ko da gaske babanmu yana ciki, mai gyara ya ce yana ciki, sai ta miƙo hannu. Na ce a bari a gwada masu nisan nan, ta ce ba za a sa mata miji a mota a kai shi inda ba ta sani ba, kuma ko sun buɗe, wa zai gani? Yanzu yana naɗe cikin tsohuwar hular Baba a gefen matashinta. Masu wucewa gida gaisuwa za su tarar tana shafa shi da yatsa. In ta miƙo muku, ku karɓa da hannu biyu. In ta tambaye ku ko kuna ganin da gaske dariya yake yi, don girman Allah ku ce mata e.