Reshen Kurnar Hajiya Tabawa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da muka buɗe zanen bangon unguwarmu a Misfala, cikin garin Makka. Har yau in na ga zarto sai kunya ta rufe ni.

Matasan layinmu ne suka kawo shawarar a gyara dogon bangon da ke bayan wani masaukin alhazai. Mai ginin ya yarda, aka ce kowa ya ɗauki yanki ya zana bishiya, don jama'a su san darajar 'yan bishiyoyin da suka rage mana a bakin titi. Wasu suka zana dabino, wasu dogon yaron Arfa. Ni kuwa na ce kurna zan zana, wadda ke tsaye a ƙarshen bangon. Ba wanda ya shuka ta, da kanta ta fito tun kafin a haife ni.

A gindinta Hajiya Tabawa ke zama. Tsohuwa ce 'yar Sakkwato da ta zo aikin Hajji tun tana da ƙarfinta, ba ta koma ba. Gyaɗa take sayarwa da ƙuli-ƙuli da yaji, kuma duk wanda ya tashi a layin ya ci kyautarta (ni na fi kowa ci). Wani babban reshe da ya miƙo ta gaban bangon shi ne rumfarta. Wanda ya san ranar Makka ya san abin da reshen nan yake nufi a wurin tsohuwa.

To, ni mutum ne da in na sa abu a gaba ba na ji ba na gani. Na rantse zanena sai ya fi na kowa. Amma reshen nan ya tsaya mini a wuya: ya rufe saman zanen, ga ganye yana zuba a kan ɗanyen fenti. Ana haka sai 'yar Hajiya ta haihu, ta tafi kula da mai jego a wata unguwa. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Da sassafe na ari tsani da zarto na hau. Ƙaya ta yi ta yakushina har jini, kamar bishiyar na ba ni shawara, ban saurara ba. Kuma fa na sani sarai, tun a makarantar allo, cewa bishiyar da ta fito da kanta a Harami ko ƙayarta ba a sara. Sai na ce wa raina ai wannan gyara ne.

Malam Isiyaku, limamin layinmu, ya zo wucewa bayan na gama. Ya kalli gurbin reshen, ya kalle ni, ya yi addu'ar Allah ya dawo da Hajiya lafiya. Na amsa da amin da ƙarfi (a tunanina gaisuwa ce). Na koma kan aikina, na zana reshen nan cif yadda yake a da, har na ƙara masa ganye.

Ranar buɗewa, bayan La'asar, rana na dukan bangon, layi ya cika. Da yake zanena ya yi kyau, ni aka ba wa jawabi. Na gyara tsayuwa na fara zuba. Na ce bishiya amana ce, wanda ya taɓa ta ya taɓa mu duka. Har na tuna wa jama'a cewa a garin nan ko ƙaya ba a sara. Ina cikin wannan na hango Hajiya Tabawa tafe da tirenta a ka.

Ta isa wurin zamanta ta ɗaga kai. Ta kalli gurbin reshen. Ta ratso mutane a hankali, ta shimfiɗa tabarmarta daidai ƙarƙashin reshen da na zana, cikin zafin rana, ta jera gyaɗarta ta zauna. Kowa ya zuba mata ido. Ta share gumi da bakin mayafinta ta dube ni.

"Ci gaba da wa'azinka, ya waladi, ɗana," in ji ta. "Inuwar da ka yi mini na zo sha. Masha Allah, ganye ya yi kyau. Sanyin ne dai ban ji ba tukuna."

Wani ya fara dariya daga baya, sai kowa ya ɗauka. Malam Isiyaku ya yi ta tarin da ba na mura ba. Ni kuwa na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Dariyar ba ta dame ni kamar gumin da na gani yana bin wuyan tsohuwar da ta ciyar da ni ba. Na durƙusa a gabanta na ce na tuba.

"Halas, shi ke nan, na yafe," ta ce. "Sai dai rana ba ta san tuba ba."

Taurin kan da ya hau da ni tsani shi na juya kan gyara. Washegari na kafa mata rumfar tamfol, ta karɓa amma ta ce zafi take tarawa (gaskiyarta ne). Malam ya ce in yawaita istigfari in kuma ba bishiyar haƙƙinta. Tun daga lokacin, kullum da safe sai na bi gidajen layi na tara ruwan da ke ɗiga daga na'urorin sanyaya ɗaki na zuba a gindin kurnar, kuma ba zan daina ba sai na ga Hajiya ta naɗe tamfol ɗin nan. Yanzu gurbin ya yi toho, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Duk sanda na zo wucewa sai ta tambaye ni, yadda kowa zai ji, ko kurnar bango ta fara 'ya'ya.

Abin da na koya dai shi ne, kafin ka yabi bishiya da fenti, fara tambayar wanda ke zaune a gindinta. Reshen da na sare kafin shayi ya huce, har yau bokiti nake ɗauka ina biyansa.