Awa Uku Zuwa Gida

"Ban ce ka tashi ba, Tsoho, gaisuwa kawai na yi. An kwana lafiya?"

"Da ban kwana lafiya ba da yanzu kina takaba, amarya. Zauna, kin tare min iska."

Gadonsa ne na huɗu daga ƙofa a ɗakin wankin ƙoda. Gadaje tara ne a ɗakin, injuna bakwai ke aiki, kuma nasa zai yi awa huɗu yana jan jini ta wannan roba yana mayarwa ta waccan. Jikarsa ta ja kujera ta zauna. Ita ke kawo shi Litinin da Laraba da Juma'a, wata goma sha huɗu ke nan, zuwa ɗari da tamanin da biyu bisa lissafinta. Akawu yake kiranta tun tana 'yar shekara shida, ranar da ta ƙirga haƙoransa a gaban baƙi ta sanar da sakamakon. Yau kaɗai ta bar ƙanen babanta ya kawo shi, don ta biya ta buga wata takarda, shi kuwa ya ajiye tsohon ya wuce aiki, ya manta bargon rufarsa a mota.

Ta cire mayafinta ta rufa masa a ƙafa, sannan ta buɗe takardar. Jami'o'i uku a ƙasashe uku sun ɗauke ta karatun haɗa magunguna, duk ukun sun ɗauki nauyinta, kuma ƙarfe huɗun yammacin yau ofishin tallafi zai rufe karɓar zaɓi. Darussan kusan iri ɗaya ne, don haka zaman ɗalibai ta auna. Ta rubuta wa mutum goma sha tara da ke karatu a can, sha ɗaya suka amsa, ta ja layi goma sha biyu: mutum nawa a ɗaki, minti nawa daga ɗaki zuwa aji, awa nawa ɗakin karatu yake buɗe, sau nawa aka yi yajin aiki cikin shekara biyar, da sauransu. Kowane layi maki goma.

Ya ce ta karanta masa, tunda miji ba ya barin matarsa ta tafi inda bai sani ba.

Ta fara da ta nesa, ƙasar sanyi. Kowane ɗalibi da ɗakinsa, mutum biyar ke raba kicin ɗaya, ɗakin karatu ba ya rufewa, ga likita a cikin makaranta. Sai dai wata uku a shekara rana kan faɗi ƙarfe uku da rabi, kuma kowa a keke yake yawo, har malamai.

"Keke? Ke da kujera ma sai ta kayar da ke."

"Zan koya. Kwana goma aka ce ana yi."

"Na san ƙasar nan. Ƙanƙarar da suke taƙama da ita ni na kai musu, lodi biyu, ko narkewa ba ta yi a hanya ba."

"Da wane lasisi? Naka ya riga haƙoranka mutuwa."

Mai gado na biyar, wani tsohon malamin makaranta da ba ya magana da kowa, ya yi dariya har nas ta leƙo ta duba allurarsa.

Ta biyu ƙasa ce ta bakin teku, mutum uku a ɗaki, bas ɗin makaranta duk minti ashirin, ɗalibai na da ƙungiyoyi arba'in da huɗu. Tsoho ya ce can ne za ta samo wani mai gemun akuya ta ce ta yi sabon miji. Ta ce ko akuyar ce da kanta ta fi shi tauna nama. Ta ukun ita ce ta kusa. A nan muryarta ta yi sauri: mutum takwas a ɗaki, ruwa kwana huɗu a mako, yajin aiki sau shida, ɗakin gwaje-gwaje ɗaya ga ɗalibi ɗari uku. Yarinyar da ta amsa mata daga can ta rubuto kalma uku kacal, kada ki zo.

Ya tambaya wacce ce ta ci. Ta ce ta kusa, maki ɗari da shida, ta teku casa'in da biyar, ta sanyi casa'in da huɗu. Ta soma naɗe takardar.

"Miƙo nan."

"Ba ka gani ba tabarau."

"Shekara talatin da ɗaya ina jan babbar mota, Akawu. Daga nesa nake gane motar da aka yi wa lodi gefe ɗaya."

Da hannun da ba allura ya riƙe takardar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya bi layukan da babban yatsa. A layi goma sha ɗayan farko ta sanyi ce a gaba da tamanin da takwas, ta kusa tana can ƙasa da arba'in da shida. Layin ƙarshe an rubuta masa "gida", awa uku a jirgi, awa bakwai, awa goma sha uku, kuma shi kaɗai aka ninka makinsa sau shida.

Ba wanda ya gaya mata abin da likita ya faɗa wa babanta a ofis wata biyu da suka wuce. Ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ƙwayoyin maganinsa sun tashi daga biyar zuwa tara, ya rage kilo shida, kuma gwaggonta da kan zo sau biyu a shekara yanzu duk mako tana gidan. A gidan kowa lallaɓa maganar yake yi. Mutum ɗaya ne ke da ikon faɗa mata gatsau, shi ne wanda ke kwance a gabanta.

"Wato gawata kike wa lissafi."

"Wa zai wahalar da biro a kan gawarka? Ko sikeli ba za ta motsa ba."

"To mu yi lissafin tare, tunda kin iya. Ki ce na cika ƙarfe takwas na safe."

Ya ƙirga mata da yatsu. Wanka da sutura awa ɗaya, maƙwabta su taru awa ɗaya, kuma ƙanen babanta mutum ne mai hanzari, ba zai jira ko azahar ba. Ita kuwa sai an kira ta, ta nemi tikiti, ta kai filin jirgi, ta yi zaman jira, sannan awa ukun nata, sannan mota zuwa gida. Ya tambaye ta nawa ya kama.

"Awa bakwai da minti goma," ta ce, idonta a kan injin. "In ranar akwai jirgi. Sau uku yake tashi a mako."

Sau huɗu ta yi wannan lissafin a gida, sau huɗu tana yaga takardar.

Ya ce ranar da aka binne mahaifiyarsa yana kilomita sittin da garin, da lodin siminti. Ya wuce ta mahaɗar hanyarsu yana fito da baki, lokacin ba waya, sai bayan kwana tara ya ji. Kusa bai amfane shi da komai ba. Ya ce in za ta makara, gara ta makara daga ɗakin da ke da ruwa.

Ta gyara masa mayafin a ƙafa. Sannan ta faɗi abin da bai shiga takardar ba, wa zai riƙa kawo shi, wa ya san farar ƙwaya ta kafin abinci ce, ja kuma bayan wankin ƙoda. Yau ɗaya ta bar wa wani, ga shi ba bargo.

"'Ya'ya shida na haifa, jikoki ashirin da uku. Duk sun miƙe ƙafa don akwai Akawu. Muddin kina awa uku da nan, ba wanda zai koyi fara da ja. Kuma na gaji da ke. Mace sai ƙirga, ba ki taɓa kawo min ko tsire a ɓoye ba."

"Likita ya hana."

"Kin ji ko, malam? Matata da likita bakinsu ɗaya." Ya juyo gare ta, muryarsa ta sauka. "Na sake ki, amarya. Ki tafi ki hau keke. Ciro wayar, a gabana za ki danna."

Ta ciro. Sunayen ƙasashen uku na jere a shafin, kowace da ɗan akwati a gefe. Ta ce tana da sauran awa huɗu da minti ashirin. Ya ce shi bai san nawa yake da su ba, ta yi sauri. Ta taɓa akwatin ƙasar sanyi, shafin ya tambaya ko ta tabbata, ta kalli Tsoho, ya zare mata ido, ta danna.

"Ya tafi?"

"Ya tafi. Ka ci, mugun tsoho."

"Madalla. To kira min nas, jijiyar ƙafata ta ɗaure tun kina ƙasar teku. Dannewa na yi ta yi, kar ki gani ki ƙara wani layi."

Dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ke fita da hawaye tare. Ta ɗaga wa nas hannu, ta durƙusa a ƙarshen gadon ta kama sharaɓar da hannu biyu, ta same ta tauri kamar itace, ta shiga murzawa.